Ɗigo Uku a Minti Guda

A ranar 7 ga Disamba 2017, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je tashar jiragen ruwa ta Portsmouth, a kudancin Ingila, ta ƙaddamar da jirgin yaƙi mafi girma da rundunar ruwan Birtaniya ta taɓa mallaka. Sunansa HMS Queen Elizabeth, tsawonsa mita 280, nauyinsa tan dubu 65, kuɗin da ya ci kuwa ya haura fam biliyan uku. Ba a cika mako biyu ba sai jaridu suka fasa ƙwai: jirgin yana yoyo. Ruwan teku yana shigar masa, kimanin lita 200 a kowace awa, wato cikin duro guda. Ba dutse ya buga ba, ba kuma harbinsa aka yi ba. Matoshin da ke zagaye da ɗaya daga cikin sandunan da ke juya farfelarsa ne ya ba da kai.

Jirgi irin wannan, duro guda a awa ba ya hana shi barci, famfunansa sun fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba, kuma an gyara abin. 'Yan siyasa sun yi ta surutu, masu zanen barkwanci sun sami abin yi. Waɗanda suka san cikin jirgi kuwa ko a jikinsu, domin sun san wurin. Nan ne dai inda kowane jirgin ruwa mai inji a cikinsa yake da rauni, daga wannan ƙasaitacce har zuwa ɗan jirgin kamun kifi mai tsawon mita bakwai.

Dalilin a fili yake. Inji yana zaune a cikin jirgi, inda babu ruwa. Farfela tana waje, a nutse. Abin da ya haɗa su sandar ƙarfe ce doguwa, wadda kanikawa ke ce wa shaf, kuma ba ta da hanyar fita sai an huda jikin jirgin, a ƙasan inda ruwa yake kaiwa. Wato maƙerin jirgi yakan gama toshe kowace kafa, sa'an nan ya dawo da hannunsa ya yi rami a gindi. Da a ce sandar a tsaye take, da sai a liƙe ta a huta. To juyawa take yi, a ƙaramin jirgi sau dubu ko fiye a minti guda. Ana so a hana ruwa shiga, ba a so a hana ƙarfe juyawa, kuma duk abin da ya matse sanda har ya tsare ruwa, gogayya zai yi da ita, gogayya kuwa zafi take haifarwa.

Wanda bai taɓa hawa jirgin ruwa ba ma ya san wannan matsala, sai dai bai san ya sani ba. Kan famfon gida da ke tsiyaya ta wuya idan an murɗa shi, ita ce. Injin ban-ruwa na manomin fadama da ya fara zubar da ruwa ta tsakanin inji da famfo, bakanike ya duba ya ce sil ya mutu, ita ce dai. Bambancin kawai, idan sil ɗin injin ban-ruwa ya mutu, gona ce za ta kwana da ƙishi. Idan na jirgi ya mutu, jirgin ne zai sha ruwa har ya ƙoshi.

Yawancin kwalekwalen da ke ɗaukar mutane da kaya a Yawuri ko Lokoja ko Baga ba su da wannan rami, saboda injinsu a bayan jirgi ake rataya shi, da farfelarsa da komai, a sauke shi idan an tashi aiki. Ramin yana jikin jirage masu injin dizal a ciki: jiragen jan kaya na tashoshin Legas da Duwala da Fot Sudan, jiragen fito na tafkin Bolta a Ghana, jiragen kamun kifi na teku, da dubban jiragen shaƙatawa da ke ɗaure a gaɓar Turai da Amurka.

Kafin a raina ramin, a yi ɗan lissafi. Kafa mai faɗin inci guda, idan tana rabin mita ƙasa da saman ruwa, tana shigo da lita hamsin da wani abu a minti ɗaya. Jarka biyu ke nan, kafin mutum ya gama neman tocila. A minti huɗu an cika duro.

Tsohuwar dabara, wadda har yau ita ta fi yawa, ba ta da wani sirri. Sanda tana fitowa daga wani bututu da ke manne a jikin jirgi. A bakin bututun nan ana ɗaura guntun tiyo mai kauri, a ɗaya bakin tiyon kuma a sa wani kwaroro na tagulla mai zare. A kan kwaroron akwai babban noti mai rami a cikinsa, kuma a cikin ramin nan ake cusa igiya, zobe uku galibi, kowanne ya zagaye sandar. Idan aka ɗaure notin, sai ya danne igiyar, ita kuma ta buɗe ta rungume ƙarfen. Bayansa akwai wani siririn noti na biyu, aikinsa kawai ya kulle na farko kada girgizar inji ta kwance shi.  Igiyar ba zagayayya ba ce irin ta guga, saƙa ce mai kusurwa huɗu, tun asali ta zaren kittani, an jiƙa ta da kitse da kakin zuma. Wanda ya san igiyar rama ya kusa gane ta.

Abin da ke ɗaure wa sabon mai jirgi kai shi ne, wannan matoshi ba a yi shi don ya tsare ruwa ƙaf ba. Dole ya ɗan yi yoyo. Ruwan da ke silalowa tsakanin igiya da ƙarfe shi ne man shafawarsu, shi ne kuma yake sanyaya su. Ƙa'idar da kanikawan jirgi suka saba bi ita ce ɗigo biyu ko uku a minti idan sanda tana juyawa, idan kuwa jirgi yana tsaye, a ga ya bushe ko ya yi kusa da haka. Ɗigo ashirin ne ke yin mililita ɗaya, saboda haka ɗigo uku a minti, ko an yi tafiyar awa goma, ba su cika kofin shayi ba. Amma idan abin ya kai ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, to a kwana guda an tara fiye da lita huɗu, a wata guda an wuce rabin duro. Tsakanin waɗannan lissafi biyu ne duk aikin kula da matoshi yake.

Ma'auni na biyu tafin hannu ne. Bayan an yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, sai a kashe giya, a dafa notin. Idan da ɗumi-ɗumi, lafiya lau. Idan kuwa hannu ba ya iya zama a kai, an matse shi fiye da kima, kuma ɓarna ta riga ta fara.

Nan ne ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa. Mutum ya leƙa ƙasan jirginsa ya ga ruwa yana ɗiga, ransa ya ɓaci, ya ɗauko sifana ya ɗaure noti har sai ɗigon ya tsaya cak, ya tafi yana ganin ya yi gyara. Igiyar da ta rasa ruwa sai ta yi zafi, kitsen jikinta ya narke ya fice, zaren ya ƙone ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Daga nan ba toshewa take yi ba, cin ƙarfe take yi. Bayan 'yan watanni sai a tarar ta sassaƙa wa sandar wani kwari kewaye da ita, wanda farce yake maƙalewa a ciki. Sandar da ta yi kwari kuwa, ko sabuwar igiya aka sa mata ba za ta ƙara toshewa daidai ba. Igiyar da aka ƙi canzawa ba ta kai kuɗin cin abincin rana ba, sandar da aka lalata kuwa sai an fitar da jirgi tudu, an cire farfela, wani lokaci har da abin juya akala, kafin a zaro ta.

Ɗaurin da ya dace kaɗan-kaɗan ake yinsa. Noti yana da fuska shida, to fuska ɗaya ake juyawa, a sake tada inji, a ƙirga ɗigo, a dafa. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya, don kada a murɗe tiyon da ke baya. Kuma inji a kashe yake yayin da hannu yake wurin. Sandar da ke juyawa ba ta da hanzarin gani a ido, sumul take kamar a tsaye, amma idan ta cafki hannun riga ba ta saki.

A magudanan ruwa na Ingila, inda dogayen jiragen nan masu siririn jiki suke yawo, akwai wani ƙari. Matoshinsu yana da ɗan gwangwanin giris mai marfin murɗawa, haɗe da siririn bututu. Al'adar masu jiragen ce, idan an ɗaure jirgi da yamma, kafin a ɗora ruwan shayi, a murɗa marfin nan har sai an ji ya yi tauri. Giris ya shiga ya cike kafar, ɗigon ya tsaya har gari ya waye.

Wata rana dai notin zai kai ƙarshen zarensa, ko kuma a ga an ɗaure amma ɗigo bai ragu ba. Igiya ta ƙare ke nan. An fi so a canza ta jirgi yana tudu. Gwanaye suna yi a kan ruwa, su naɗe bakin kwaroron da tsumma su yi sauri, amma wanda zai yi karon farko, ruwa yana feso masa a fuska a wuri mai duhu da ƙunci, zai iya mance inda ya ajiye wuƙarsa.

Aikin da ya fi cin rai shi ne fitar da tsohuwar. Akwai ɗan ƙugiya mai murɗaɗɗen baki da ake soka mata a jawo, a hankali, kada a karce sanda. Sau da yawa mutum yakan ciro zobe biyu ya ɗauka ya gama, alhali na uku yana can ƙurya ya manne, ya yi baƙi har ya saje da tagullar. Wanda ya ɗora sabuwa a kan wannan, aikin banza ya yi. Idan rami ya fita tas, sai a auna tazarar da ke tsakanin sanda da bangon noti, ita ce kaurin igiyar da za a saya. A ƙananan jirage yawanci rubu'in inci ce, ko ƙasa da haka kaɗan, ko sama kaɗan. Wadda ta yi siriri ba ta toshewa, wadda ta yi kauri kuma sai an buga ta da ƙarfi, ta shiga a matse tun kafin a ɗaure.

Ba a naɗa igiyar a dunƙule kamar rawani. Zobe-zobe ake yanka ta, kowanne daidai kewayen sanda, da sabuwar reza, kuma a karkace ake yankan domin baki ya hau kan baki. Wajen sawa, ba a barin mahaɗin zobe ɗaya ya yi daidai da na ɗan'uwansa. Idan na farko yana kallon ƙarfe goma sha biyu na agogo, na biyu ya kalli ƙarfe huɗu, na uku ƙarfe takwas, ta yadda ruwan da ya sami kafa a ɗaya zai ci karo da bango a na gaba. Kowane zobe ana tura shi ya zauna sosai kafin a kawo na bayansa. Sa'an nan a ɗaure noti da hannu kawai. Sabuwar igiya takan yi yoyo fiye da ƙa'ida a awannin farko, kuma haka ake so. Sai ta kwanta a jikin ƙarfe ake bin ta da sifana a hankali.

Yanzu kittani ya sami kishiyoyi. Akwai igiyar da aka jiƙa da Teflon, akwai kuma baƙa mai haɗe da sinadarin nan na bakin fensir, wadda take da santsi ƙwarai, tana fitar da zafi, har ana iya rage ɗigonta ya kusa tsayawa. Sai dai baƙar tana da nata sharrin. A cikin ruwan gishiri, idan abubuwa biyu mabambanta masu ɗaukar lantarki suka haɗu, sukan zama kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya, kuma sinadarin fensir yana cikin masu ci, ba a cin sa. Shi ya sa ABYC, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage a Amurka, ta hana amfani da irin wannan igiya a matoshin sanda. Masu jirage da yawa suna amfani da ita duk da haka, suna kuma yabonta, musamman a ruwan daɗi.

Wani abin mamaki kuma, ƙarfen nan da ake ce wa ba ya tsatsa, wanda ake yin yawancin sanduna da shi, iska ce take tsare shi. Iskar da ke cikin ruwa ita ke yi masa wata siririyar riga da ido ba ya gani. Idan jirgi ya yi watanni a ɗaure ba a tada shi ba, ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin igiya yakan rasa iska, rigar ta mutu, ƙarfen ya fara yin ƙananan ramuka kamar zanen ƙyanda, daidai inda ake so ya fi ko'ina sulɓi. Jirgin da ake aiki da shi kullum ya fi wanda aka ajiye lafiyar sanda.

Duk wannan magana a kan igiya ce, amma ba igiya kaɗai ce take nutsar da jirage ba. Igiya ɗigo take yi, tana ba da sanarwa. Ɗan hakin da ake rainawa shi ne guntun tiyon nan da ke bayan kwaroro, da kilif-kilif ɗin da suka riƙe shi. Ba tiyon lagireto ba ne, na musamman ne mai ninki huɗu ko biyar, domin shi ke ɗaukar murɗar da sanda take yi wa matoshi. Kowane bakinsa kilif biyu ake sa masa. Ɗigon da ke sauka yana jiƙa su shekara da shekaru, kuma ta ƙasa suke ruɓewa, inda ido ba ya kaiwa. Daga sama sai a gan su suna ƙyalli. Bakanike mai hankali yakan sa ɗan madubi a ƙarƙashi, ya kuma matsa tiyon da yatsa ya ji ko ya yi laushi ko ya fara tsagewa. Ran da tiyon nan ya yage, lissafin jarka biyu a minti ne zai fara aiki.

Kamfanin inshorar ƙungiyar masu jirage ta BoatUS a Amurka ya sha bin diddigin takardun diyyar jiragen da suka nutse, kuma abin da ya gano ya saɓa wa abin da ake gani a fim. Mafi yawansu ba a tsakiyar teku cikin guguwa suka nutse ba, a tasha suka nutse, suna ɗaure, masu su suna gida. Matoshin sanda kuma yana sahun gaba cikin kafofin da ruwan ya bi. Yadda abin ke faruwa ba wuya: ɗigo ya ƙaru, famfon da ke kwashe ruwa da kansa yana ta aiki ba wanda ya sani, har ran da batir ya mutu.

Manyan jirage sun bi wata hanya dabam. Lokacin da farfela ta fara maye gurbin manyan ƙafafun nan masu fiffike, bayan Francis Pettit Smith da John Ericsson sun yi rajistar nasu samfurin a 1836, babbar matsalar ita ce sanda tana cinye mazaunin tagullar da take juyawa a kai, ta yi ta girgiza, ruwa ya yi ta shiga. A 1854 injiniya John Penn na Greenwich ya kawo magani daga inda ba a zata ba: itace. Wani itace ne na tsibiran Karibiyan, mai nauyin da ba ya tasowa a ruwa, mai kuma mai a jikinsa. Shi ne itacen ƙasa na Bahamas, furensa kuma furen ƙasa na Jamaika. Ya yi aiki har bayan shekara ɗari, domin Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, da mazaunin itacen nan aka ƙera shi. A 1948 wani kamfanin ƙera jirage na Hambog a Jamus ya fito da matoshin Simplex, mai zobban roba, wanda ya ba da damar cika bututun sanda da mai maimakon ruwa. Wannan ya rage cin ƙarfe, amma ya kawo yoyon mai cikin teku, har a 2013 hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta wa manyan jiragen kasuwanci da ke shiga ruwanta amfani da man da ke narkewa ba tare da cutar da halittun ruwa ba.

Ƙananan jirage ma sun sami nasu sabon yayi, matoshin da ba ya ɗiga ko kaɗan. Iri biyu ne. Na farko fuska da fuska ne: zoben ƙarfe mai sulɓi yana ɗaure a jikin sanda yana juyawa tare da ita, zoben kabon yana tsaye, wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri tana tura kabon ɗin ya manne wa ƙarfen. Irin dabarar da ke cikin injin ban-ruwa ce da famfon ruwan mota. Wanda ya fi shahara shi ne PSS, na kamfanin PYI da ke jihar Washinton. Na biyu mai leɓe ne, roba ce mai siririn baki da ke lasar sanda, kamar oyil-sil na mota. Na Volvo Penta, baƙar roba guda ɗaya mai kama da mazurari, yana cikin dubban jirage a Turai.

Kyawunsu a bayyane yake. Ƙasan jirgi a bushe, babu wari, babu tsatsa, babu rarrafe da sifana. Amma da yake ba sa ɗiga, ba sa kuma tuna wa kowa cewa suna nan, kuma roba tana tsufa ko an yi aiki da ita ko ba a yi ba. PYI ya ce a canza robar zugazugin duk shekara shida, kome kyawun da take nunawa. Volvo Penta ya ce a matsa wa nasa giris na musamman duk shekara ko bayan awa 200 na aiki, a kuma canza shi gaba ɗaya bayan shekara biyar ko awa 500. Ƙananan sukurorin da ke riƙe zoben PSS a jikin sanda sau ɗaya ake ɗaure su, domin bakinsu yana dakushewa, wanda ya kwance ya mayar da tsofaffin, zoben zai iya zamewa, fuska ta rabu da fuska, ruwa ya shigo ba sallama. Jirgin da gudunsa ya wuce kimanin kilomita 22 a awa kuma, tafiyarsa takan tsotse ruwan da ke cikin bututu, saboda haka sai an jawo wa matoshin ruwa daga inji ta wani siririn tiyo. Tiyon nan shi ma wata kafa ce a ƙasan ruwa.

Wanne ya fi? Ga jirgin da ke kusa da kantin kayan gyara, mai shi yana rubuta ranar da aka canza kowane abu, marar ɗigo ya fi daɗin zama. Ga jirgin da ke aiki nesa, a ruwa mai yashi da laka irin na Kwara da Binuwai da damina, inda sai an yi odar roba daga wata ƙasa a jira wata biyu, tsohon matoshin igiya yana da hujja mai ƙarfi. Lalacewarsa sannu a hankali take zuwa, sifana biyu da reza sun ishi gyaransa, kuma ba sai an raba sanda da inji ba. Shi kuwa marar ɗigo, canza shi sai an kwance mahaɗin sanda da giyabos an ja ta baya, kuma mahaɗin da ya shekara goma a ruwan gishiri ba ya sakin sanda da lallami.

Wani lokaci kuma matoshin ba shi da laifi ko kaɗan. Idan aka canza igiya sau biyu a shekara guda tana ci gaba da yoyo, a duba abin da ke kaɗa sandar. Robobin da inji yake zaune a kansu sukan lotsa, inji ya sunkuya, sanda ta daina tafiya a tsakiyar bututu. Bushin robar da ke riƙe ta kusa da farfela yakan cinye, a kama farfela a girgiza a ji tana ƙwas-ƙwas. Farfela takan bugi kututture ta lanƙwasa sanda. Wajen daidaita inji da sanda, kuskuren da ake yafewa a mahaɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kaurin takardar rubutu ke nan.

Abin da sanda mai kaɗawa take iya yi, tarihi ya nuna shi a mafi munin siffa. Ranar 10 ga Disamba 1941, jiragen saman Japan suka far wa jirgin yaƙin Birtaniya HMS Prince of Wales a gaɓar Malaya. Wani makami ya same shi a baya, daidai inda ɗaya daga cikin sandunansa huɗu take fita. Abin da ke riƙe da sandar ya karye, ita kuwa tana kan juyawa da cikakken gudu, sai ta shiga dukan duk abin da ke kewaye da ita, ta farfasa matosan da ke kan hanyarta ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya bi ramin sandar har ɗakin inji, wuta ta ɗauke a rabin jirgin, wasu famfuna da bindigogi suka tsaya. Kafin la'asar ya nutse, da mutum 327.

A ƙaramin jirgi, idan abu ya ɓaci a kan ruwa, matakin farko shi ne a tsayar da sanda. Sa'an nan a naɗe wurin da abin da ke hannu, kuma babu abin da ya kai robar tiyub ɗin keke ko babur da aka yanka dogaye, a ja ta sosai ana naɗawa, a bi da kilif ko waya. Tsofaffin matuƙa sukan ajiye turken katako mai tsini kusa da wurin, saboda akwai ranar da sanda kan kuɓuce daga mahaɗinta idan an sa giyar baya, farfela ta ja ta ta fice, ta bar rami buɗe. Kilif guda da aka ɗaure a jikin sandar, ɗan gaba da matoshi, yana hana ta ficewa.

Masu injin ratayawa ma ba su tsira ɗungurungum ba. Nasu sil ɗin yana bayan farfela, yana tsare man giya. Zaren koma ko na fatsa yakan naɗe a wurin, ya yi zafi ya narke, ya yanka robar. Jirgi ba zai nutse ba, amma ran da aka kwance sukurun man giya aka ga ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya riga ya shiga, kuma boris da haƙoran giya suna kan hanya. Cire farfela lokaci-lokaci a tsince zaren ba ya cin minti goma.

Ranar da aka mayar da jirgi ruwa bayan gyara, bakanike ba ya bari a kwance majanyun da suka sauke shi sai ya shiga ƙasa da tocila. Idan matoshin marar ɗigo ne, akwai iska da ta maƙale a cikin bututu, wadda za ta bar robar ta juya a bushe ta ƙone cikin 'yan mintuna. Sai ya matse bakin robar da yatsu, ko ya ja zugazugin baya kaɗan, iska ta fita da ɗan huci, ruwa ya biyo ta ya jiƙa masa hannu, ya saki. Masu jirage suna ce wa wannan sa matoshi gyatsa. Idan kuwa na igiya ne, sai ya sa a tada inji a sa giya, jirgi yana ɗaure, ya shimfiɗa busasshen tsumma a ƙarƙashin noti, ya haska tocila, ya dubi agogonsa ya fara ƙirga.